Mai Acca da Agogon Kasuwa

Akwai wata mace a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, sunanta Keziya. Sana'arta acca ce. Takan saya a hannun manoma bayan girbi, ta surfa, ta bakace, ta rege ta da ruwa har sai ba sauran yashi, sa'an nan ta shanya a kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ta bushe. Duk wanda ya taɓa kai lomar tuwon acca baki ya tauna yashi ya san darajar wannan aiki. Mutanen ƙauyen sukan ce accar Keziya ko a duhu ka ci ba fargaba.

Mijinta Habila magini ne a da. Ɗakuna da yawa a ƙauyen shi ya ɗora tubalinsu, har da ginin majami'a. Wata rana yana kan aiki jiri ya ɗebe shi, aka kawo shi gida ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga ranar ba ya tashi sai an ɗaga shi. Hannunsa na hagu ma rawa yake yi, ba ya kai cokali baki sai ya zubar. Hankalinsa garau yake, sai dai maganarsa tana fita a hankali, muryar kuma ba ta nisa. 'Ya'yansu sun girma, kowa ya kama gabansa. Saboda haka abincin gidan, da maganin Habila na kowane wata, duk a kan accar Keziya suka rataya.

Kasuwar ƙauyen kuwa ba ta da wani ƙarfi, gama kusan kowa yana da accarsa a rumbu. Wa zai sayi abin da yake da shi a gida?

A can birni akwai wani mutum da ya kafa kasuwa, amma ba irin wadda ake share fili a kafa rumfuna ba. Tasa a cikin waya take. Mai kaya ya ɗauki hoton kayansa ya sa, mai saye ya gani daga inda yake zaune, ya aiko da saƙo, su daidaita, a sa kaya a mota. Da Bilhatu, 'yar Keziya da ke aure a birnin, ta zo gida bikin Kirsimeti, sai ta buɗe wa uwarta rumfa a wannan kasuwa, ta koya mata yadda ake amsa saƙo. Keziya ba ta da saurin rubutu, don haka da murya take amsawa. Takan gai da mai saye, ta tambayi iyalinsa, sa'an nan a shiga ciniki.

Abu ɗaya ne ya zame mata wahala. Sabis ɗin waya ba ya shiga gidanta, sai an hau fan da ke bayan gida. Da rana wannan ba damuwa ba ne, domin a can take shanya, a gindinsa kuma take regewa. Waya na ƙara, sai ta goge hannu a zane ta amsa.

Allah kuwa ya sa albarka. Mutanen birni suka gane accarta, musamman waɗanda aka hana su wasu abinci saboda ciwon suga. Wannan ya gaya wa wancan. Ranar kasuwa takan kai ƙullin kaya tasha, direbobi su tafi da su. Maganin Habila bai ƙara yankewa ba. Kowace safiya su biyun sukan yi addu'ar godiya kafin ta fita.

Ana nan sai mai kasuwar ya yi tafiya mai nisa, ya bar kasuwa a hannun wakilinsa. Wakilin nan ba mugu ba ne, mutum ne mai himma. Masu saye suka yi ta kawo masa kuka cewa akwai 'yan kasuwar da za ka aika musu saƙo su bar ka kana jira kamar mai jiran ruwan farko. Sai ya ce zai gyara. Ya kafa wani agogo a cikin kasuwar. Da zarar saƙo ya shiga rumfar mutum, agogon ya soma tafiya, ba ya tsayawa sai an amsa. Mai saurin amsa a ba shi koriyar alama, a sa rumfarsa a bakin kasuwa inda kowa zai fara gani. Mai jinkiri a ba shi alama ruwan ɗorawa. Wanda jinkirinsa ya yi yawa a ba shi ja, a tura shi can ƙurya inda ƙafar mai saye ba ta kaiwa.

Abin da wakilin bai lura ba shi ne, agogo ba ya barci. Bai san rana ta faɗi ba, bai san Lahadi ba, bai san Juma'a ba. Mutanen birni kuwa sai sun ci abincin dare sun miƙe ƙafa suke tuna cewa accar gida ta ƙare. A lokacin nan suke aiko da saƙo. Da gari ya waye Keziya takan hau fa ta amsa wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, da fara'a. Ba ta san duk tsawon daren an ƙirga mata shi a matsayin sakaci ba.

Wata safiya ta ga alamarta ta koma ruwan ɗorawa. Ta kira Bilhatu ta tambaye ta.

Bilhatu ta ce, "Mama, wai kina jinkirin amsawa ne. In ta zama ja, ba mai ganin rumfarki kuma."

"Ni da nake amsawa hannuna da ruwa?"

"Na dare ne, Mama. Shi ma ƙirgawa suke yi."

Keziya ta ce, "To, na ji."

Daga ranar ta shiga tsere da abin da ba ya gajiya. Rana ta faɗi ta hau fa. Bayan ta kwantar da Habila ta sake hawa. Kafin zakara ya yi cara tana can, tana haska hanya da wayar don gudun kunama. Jiki kuwa magayi ne. Ta soma gyangyaɗi a bakin ƙwarya tana regewa. Wata mai saye da suka daɗe tare ta aiko mata da cewa wannan karon ta ji yashi a tuwo, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta daina zuwa taron zumuntar mata. Ran Lahadi jikinta yana majami'a, zuciyarta tana kan fa, tana tunanin saƙonni nawa suka taru. Duk da haka alamar ba ta koma koriya ba, gama komai ƙoƙarin mutum, barci ɓarawo ne, sai ya ɗauke shi.

Wata rana da almuru ta dama wa Habila kunu, ta ajiye a kan kujera kusa da gadonsa don ya huce. Ta ce, "Maigida, bari in leƙa in dawo yanzu." Ta hau fa. Ta tarar da wani mai saye mai yawan tambaya. Accar bana ce ko ta bara? Fara ce ko ja? In ya sayi da yawa za a rage masa? Ta amsa wannan ya kawo wancan, ita kuma tana tsoron ta bar shi agogo ya ci gaba da tafiya. Ƙarshe ma ya ce zai yi shawara da matarsa. Da ta ɗaga kai, duhu ya riga ya rufe.

Ta sauko da sauri. Ta tarar da Habila a ƙasa. Yunwa ce ta sa ya miƙa hannu ga kunun, ya zame daga gado. Kunun ya malale a jikinsa, goshinsa ya bugi kujera ya fashe, jini ya bushe a gefen idonsa. Ya yi ta kira, amma muryarsa ba ta kai fa ba. Ita kaɗai ba ta iya ɗaga shi daga ƙasa, sai da ta kira maƙwabci suka mayar da shi gado.

Da maƙwabcin ya tafi, ta zauna tana goge masa ciwon da ruwan ɗumi, hawaye yana zuba. Habila ya dube ta, ya ce a hankali, "Maman Bilhatu, na zame miki kaya."

Ta ce, "Kada ka ƙara faɗin haka. Kai ka gina ɗakin nan da nake kwana a ciki. Ni ce na bar ka na tafi hira da wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba."

"Ai don maganina kike yi."

"Wane amfani magani zai yi in na dawo wata rana na tarar ba mai sha?" Ta matse tsumman, ta ce, "Taura biyu ba ta taunuwa. Daga yau in rana ta faɗi na rufe. Ran Lahadi ma haka. Wanda ya ciyar da mu tun ba a yi waya ba yana nan."

Haka kuwa ta yi. Rana na faɗuwa sai ta kashe wayar ta rataye ta a ƙusa. Ba a daɗe ba alamar ta zama ja. Saƙonni suka ragu, tsoffin masu saye kaɗai suke nemo ta a ƙuryar da aka tura ta. Buhunan acca suka tsaya jingine da bango. Da maganin Habila ya kusa ƙarewa, ta ja akuyarta zuwa kasuwa ta sayar. Bayan wannan sai ga saƙo daga wakilin, cewa duk mai jar alama za a rufe rumfarsa a ƙarshen wata.

Keziya ba ta gaya wa Habila ba. Ta shiga bayan rumbu ta durƙusa ta ce, "Ya Ubangiji, kai ka san inda nake kwana da abin da nake yi. Ban san yadda za mu yi ba. Ka dai tsare zuciyata kada ta ga laifin bawan nan naka da ke kwance." Ta tashi ta koma kan aikinta. 'Yan saƙonnin da suke zuwa da rana ta ci gaba da amsa su kamar dā.

Kafin watan ya ƙare, wata rana da la'asar, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutum biyu suka fito, wani dattijo da kaftani marar ado, da wani magidanci riƙe da jaka. Suka yi sallama, aka gaisa.

Dattijon ya ce, "Mama, ni ne mai kasuwar da kike da rumfa a ciki. Wannan kuma wakilina ne."

A ranta Keziya ta ce, ashe ba su ma jira ƙarshen wata ba. Duk da haka ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar ɗorawa, inda takan sa a fito da Habila ya sha iska. Ta kawo ruwa, ta kawo kunun acca. Sa'an nan ta durƙusa ta fara cewa, "Ranka ya daɗe, ina roƙo a ƙara mini haƙuri..."

Mai kasuwar ya ɗaga hannu ya ce, "Tashi, Mama. Ba mu zo karɓar komai ba. Na dawo daga tafiya na tarar za a rufe rumfunan mutane da yawa, cikinsu har da waɗanda ba a taɓa kawo ƙarar kayansu ba. Na tambayi wakilina ko ya taɓa ganin fuskar ɗaya daga cikinsu, ya ce a'a. Shi ne na ce mu zaga, gama gani ya kori ji. Ki ci gaba da aikinki kamar ba ma nan."

Sai ya juya wajen Habila ya shiga hira da shi. Ya tambaye shi wa ya gina majami'ar da suka wuce a hanya. Habila ya ce shi ne, ya soma ba shi labarin yadda suka fasa dutse suka yi harsashin. Maganar tana fita da ƙyar, amma dattijon bai katse shi ba, bai kuma ƙarasa masa kalma ba. Keziya ta daɗe ba ta ga fuskar mijinta ta sake haka ba.

Ita kuwa tana gindin fa tana regewa. Wayar ta yi ƙara, ta goge hannu ta hau ta amsa. Can an jima ta sake ƙara, ta sake hawa. Baƙin suna ji tana gai da mai saye, tana tambayar jikin mahaifiyarsa, tana gaya masa ranar da mota za ta tashi.

Rana ta yi ƙasa, ta kama kan duwatsu. Keziya ta tsaya da wayar a hannu. Zuciyarta ta ce, yau dai ki bar ta a kunne, ga mai kasuwa yana kallo. Ta dubi baƙin, ta dubi Habila wanda tabon goshinsa bai gama warkewa ba. Sai ta kashe wayar a gabansu, ta ce, "Ku gafarce ni, ranka ya daɗe. Lokacin abincinsa ya yi."

Ta kawo gwate, ta zauna a bayan Habila ta jingina shi a jikinta. Ta ɗebo, ta hura, ta kai masa baki, ta jira ya haɗiye, ta goge abin da ya zubo a gefen bakinsa. Ba abu ne da ake yi da gaggawa ba, gama in an yi sauri sai ya ƙware.

Mai kasuwar ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ce wa wakilinsa, "In saƙo ya shigo rumfarta yanzu, agogonka zai tafi?"

"Zai tafi, ranka ya daɗe."

"Har yaushe?"

"Har sai ta amsa."

"To, wanne kake so ta ajiye, cokalin ko mutumin?"

Wakilin ya dubi cokalin, ya dubi Habila.

Mai kasuwar ya ce, "Kai da kake yi mini aiki, in ka tashi da yamma ka tafi gidanka, na taɓa ƙirga maka barcinka a matsayin sakaci?"

"Ba ka taɓa ba."

"Don me?"

"Domin ka san ni mutum ne."

"Ita fa?"

Wakilin ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Allah ya sani ban yi don mugunta ba. Masu saye ne suka yi ta kuka."

"Na sani, kukansu kuma gaskiya ne. Masu saye mutanena ne, masu sayarwa ma mutanena ne. Ba za mu kashe agogon ba, za mu dai koya masa sanin dare da rana. Daga yau kowane mai rumfa ya faɗi lokacin da yake buɗewa, da lokacin da yake rufewa, da ranar hutunsa. In ya rufe, agogo ya tsaya. In ya buɗe, agogo ya tashi. Saƙon da ya zo cikin dare a ɗauke shi kamar ya zo tare da wayewar gari. Mai saye kuma a gaya masa gaskiya, cewa rumfa a rufe take, ga lokacin da za a amsa masa. Wanda ya san lokacin da ƙofa za ta buɗe ba ya fushi da jira. Alamun da aka riga aka bayar kuma a sake auna su da wannan ma'auni."

Wakilin ya ce, "Ranka ya daɗe, wasu za su fake da wannan su yi lalaci."

"Ba inda za su fake. Wanda ya ce rumfarsa a buɗe take, ya kuwa tafi hira a gindin bishiya, agogo zai gan shi fiye da dā." Sa'an nan ya juya ga Keziya ya ce, "Mama, ranarki zan auna, zan kuwa auna ta sosai. Amma daren ba ni na ba ki shi ba, ba ni da ikon karɓe shi."

Cokalin yana hannun Keziya, hawaye yana sauka a kan wuyan rigar mijinta. Habila ne ya yi ƙoƙari ya ce, "Allah ya sāka maka da alheri. Ka zauna a tabarmarmu, ka gan mu."

Da aka gama cin abinci, Keziya ta tashi za ta kira maƙwabci a shigar da Habila ɗaki. Sai wakilin ya ajiye jakarsa ya ce, "Bari, Mama, ni zan ɗauke shi." Ya sunkuya ya ɗaga shi, ya ji nauyinsa, ya kai shi har gado ya gyara masa matashi. Da ya fito ya ce mata, "Ki yafe mini." Ta ce, "Ba komai, ɗana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaya za ka san nawa tun ba ka shigo ba?" Ta ƙulla musu 'yar acca a leda, suka karɓa da godiya, suka kama hanya tun da sauran haske.

Ba a yi kwanaki da yawa ba, ta hau fa da safe ta ga alamarta koriya shar. Da aka cire dare da Lahadi daga lissafi, sai ga shi tana cikin masu saurin amsawa a kasuwar duka. Ba ita kaɗai ba ce. Wani tela da ke rufe shago ran Juma'a, da wata mai man shanu da ke can rugar da ba wuta, da wasu da yawa, duk aka dawo da su bakin kasuwa. Wasu kuma da suke ɓata rana da barci da yawo, alamarsu ta zauna ja, ba su da bakin magana.

Keziya ba ta zama attajira ba. Habila ma bai tashi ya yi tafiya ba. Amma buhunan suka soma raguwa, magani ya dawo, yashi ya fita daga accarta. Ta koma zumuntar mata. Ranar godiyar kaka sai ta shigo majami'a da daro cike da acca a kai, tana rawa a hankali, mata suna guɗa a bayanta. Da aka ba ta dama ta yi shaida, ba ta ja magana ba. Ta ce, "Ina godiya ga Allah, ya ba ni abin yi da rana, ya kuma maido mini da barcina."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Kasuwar nan ita ce zaman duniya, rumfar kuwa ita ce aikin da Allah ya danƙa wa kowannenmu. Agogon da ba ya barci shi ne ma'aunin mutane, wani lokaci ma na zuciyarmu ne. Yana ganin abin da ba ka yi ba, amma ba ya ganin abin da ya riƙe hannunka. Yakan ce maka kullum ka makara, kullum ba ka isa ba. Da yawa a cikinmu da wannan agogo muke kwana, shi ya sa muke tashi a gajiye.

Mai kasuwar kuwa yana nuna mana halin Ubangiji. Bai zauna a nesa ya yanke mana hukunci ba. Cikin Yesu Almasihu ya sauko, ya zauna a tabarmarmu, ya san yunwa, ya san gajiya, ya san nauyin jikin mutum. Shi ya yi rana don aiki, shi ya yi dare, shi ya keɓe ranar hutu tun kafin wani ya roƙe shi. Iyayenmu sun ce dare mahutar bawa. In bawa ma yana da wannan rabo, balle 'ya'yan gida. Ke da kike jinyar miji ko uwa, har kike jin kunya don ba ki zuwa kowane taro, Allah bai rubuta miki sakaci ba. Ya ga inda kike. Wannan abin godiya ne, babba kuwa.

Amma kada wani ya fita daga nan ya ce an ba shi izinin lalaci. Kun ji abin da aka gaya wa matar, cewa ranarta za a auna sosai. Ma'aunin gaskiya yana kāre mai aminci, yana kuma tona malalaci. In ka ce wa mutum za ka zo, ka zo. In an ba ka aiki, ka yi shi a lokacinsa da zuciya ɗaya.

Sai wakilin. Kada ku yi saurin ganin laifinsa, gama yawancinmu shi ne mu. Ka aika wa ɗan'uwa saƙo bai amsa ba, nan da nan ka ce girman kai ya shige shi. Wata ta yi makonni ba ta zo sujada ba, muka gama shari'arta a bakin ƙofar majami'a, ba wanda ya taka ya leƙa gidanta. Kai mai gida da kake da masu yi maka aiki, kana kiransu duk lokacin da ka ga dama, ka tuna su ma suna da masu jiransu a gida. Abin da ya ceci wakilin nan shi ne ya yarda ya je ya gani, da ya gani kuma bai yi gardama ba. A cikin makon nan, ka tuna da mutum ɗaya da ya yi maka shiru har kake jin haushinsa. Kafin ka ƙara ƙirga masa, tashi ka je ka gaishe shi.

Yau kuma in rana ta faɗi, ka rufe abin da za ka rufe. Ka ci abinci da iyalinka, ku gode wa Allah tare, ka kwanta. Abin da bai ƙare ba ka bar shi a hannun wanda ba ya gyangyaɗi, shi zai tsare maka har gari ya waye.

Mu yi addu'a.